Abin da Ya Hana Mu Komawa Aston

Ladi, ranar da muke shirin sunan ɗiyarki kin ce min har yau ba ki gane dalilin da ya sa na bar babanku yana zirga-zirga tsakanin Manchester da Birmingham ba, alhali da mun tattara mun bi shi. Cikin dariya kika faɗa, amma na ji abin da ke ƙarƙashin dariyar. Ɗan'uwanki Dauda bai taɓa tambaya ba, shi dama mai haɗiye magana ne tun yana ƙarami. A Aston kuwa, unguwar mutanenmu a Birmingham, an daɗe ana cewa girman kai ne ya kama ni, wai na hango kujerar alƙali na raina dangin miji. Yanzu da gwiwoyina suka zaunar da ni, bari in ba ku labarin yadda abin ya faru, tun daga tsohon da ya fara sa min shi a rai.

A shekarun nan muna unguwar Whalley Range a Manchester, a flat ɗin sama na wani tsohon gida da aka yanyanka gida huɗu, wanda in maƙwabcin ƙasa ya soya kifi sai kayan makarantarku su kwashi ƙamshin. Babanku yana tuƙa tasi, shi da ya karanta aikin injiniyan lantarki tun a ƙasarmu. Ni kuma ina aikin kula da tsofaffi gida-gida: wanka, magani, abinci, da hira ga wanda yake so. A haka aka tura ni gidan wata Baturiya mai suna Anika, 'yar ƙasar Holan da aure ya kawo ta Manchester. Mahaifinta ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, ta je ta ɗauko shi daga ƙasarsu. Jikokinsa suna kiransa Opa, wato kaka da yarensu, ni ma sai na bi sahu. Dogo ne ƙwarai, ƙafafunsa har leƙowa suke ta ƙarshen gado. Kullum da safe sai na ɗaura masa taye ko da ba inda za shi, sannan ya karya da burodin da aka barbaɗa wa cakulan kamar ɗan yaye. Satin farko ko sunana, Rifkatu, bai kira ba. Da idanu kawai yake bina, na ɗauka irin tsofaffin nan ne da ba sa son baƙar fata ta taɓa su.

Ashe kunya ce. Mutumin da ya yi rayuwarsa da baki, yau harshensa ya yi nauyi. Da na gane haka sai na daina ƙarasa masa magana. In ya maƙale a kalma sai in ci gaba da ninke tawul har ya fito da ita da kansa. A hankali labarinsa ya riƙa zuwa, yau kaɗan gobe kaɗan. An haife shi a wani ƙaramin gari da ruwa ya ratsa, mahaifinsa mai gyaran kwale-kwale ne. Yana yaro aka yi yaƙi, ya ce ya san yunwar da take sa mutum ya ji haushin ƙaninsa don ya tauna abu. Ya karanta shari'a, ya shiga siyasa yana matashi, har ya kai majalisar ƙasarsu. Ya ce yana da baki, in ya miƙe ko abokan hamayya sukan ajiye jarida. Ya yi faɗa kan gidajen ma'aikata, wasu ya ci, wasu aka kayar da shi. Sai kuma a daidai lokacin da ake raɗe-raɗin za a ba shi minista, ya ajiye kujerar ya nemi aikin alƙali a wata ƙaramar kotu da ke duba lamuran yara da iyali. Abokansa suka ce ya haukace. Matarsa ta yi wata guda tana masa magana ta bakin 'ya'yansu.

Na tambaye shi me ya sa.

"Wata rana wata mata ta zo ofishina da kukanta," in ji shi. "Tana magana ina shirya amsar da zan ba ta. Amsa mai kyau, Rifkatu, har ta yi godiya. Da ta fita sai na ga ban san abin da ya kawo ta ba."

A kotun ya ƙare aikinsa, kuma ya ce bai taɓa da-na-sani ba, sai dai yakan yi kewar tafi.

Abin da ya jawo ni cikin maganar faɗa ne tsakaninsa da Anika. Shi yana so ya riƙa fita shi kaɗai da sandarsa zuwa filin shaƙatawa da ke ƙarshen layi, ita kuma ta fara kulle ƙofa tana tafiya da makulli. Ran nan na iso na tarar suna ta yi da yarensu, tana kuka, shi yana buga sanda a ƙasa. Ba hurumin mai aiki ba ne ta sa baki, amma ban iya tsayawa kallo ba. Na ɗora shayi, na zaunar da su, na ce kowa ya faɗi nasa ɗaya ba zai katse ɗaya ba. Sai ga shi Anika ba faɗuwarsa kawai take tsoro ba. Mahaifiyarta a kan hanya ta faɗi ta rasu ita kaɗai, kuma ba ta taɓa faɗa wa uban cewa abin yana hana ta sukuni ba. Shi kuma ba filin ya dame shi ba, ƙarar makullin ce. Aka daidaita: ƙofa a buɗe, fita kuma sai da rakiya, amma mai rakiyar zai biyo shi a baya ne, ba riƙe masa hannu ba.

Washegari ina ɗaura masa taye ya ce, "Wa ya koya miki abin da kika yi jiya?"

Na ce, "Gidanmu mu goma sha ɗaya ne, Opa, ni ce ta tsakiya."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce ko na san cewa a ƙasar nan yawancin ƙananan shari'o'i ba ƙwararrun alƙalai ne ke yinsu ba? Mutane ne irina, direbobi da malaman makaranta da masu shago, suke ba da lokacinsu kyauta. Su uku suke zama a kotun majistare, da lauya a gefe yana nuna musu abin da doka ta ce. Ya ce in nema. Na ce ni da ko Turancina yara suna gyara min? Ya ce ba a neman mai iya Turanci, masu iya Turanci sun cika kotun tun da daɗewa. Ya yi ta naci har na nema, don dai ya ƙyale ni. Babanku ma dariya ya yi, ya fara kirana "Ranki ya daɗe" in zan miƙo masa abinci.

Ana cikin jiran amsa sai ga Baffanku Yohanna, yayan babanku, daga Birmingham. Ku kun san shi da furfura da sanda, amma a lokacin shi ne jigon mutanenmu a Aston. Duk wanda ya sauka daga Jos ko Kafanchan ko Yola, a falonsa yake fara kwana. Ya zo da albishir biyu. Na farko, ya samo wa babanku aiki a wani kamfanin lantarki, aikin da ya karanta, bayan shekaru yana kwasar mashaya a tasi. Na biyu nawa ne. Mutanenmu na Aston, da 'yan'uwanmu Musulmi Hausawan Ghana da ke unguwar, sun haɗa kai suna son tsayar da nasu a zaɓen council, wato kansilan unguwa. Sun gaji da kai kuka wurin wanda bai san su ba. Suna son mace, mai baki, wadda ta san lamarin gidaje da makaranta da likitocin unguwa, kuma sunana ne ya fito, don duk taron zumuntar mata da aka yi a can ni ake turawa gaba.

"Maman Ladi," in ji shi, "ku dawo ku zauna shekara guda a san ku, sauran aikin namu ne. Gidajen da mutanenmu ke ciki ruwa na zuba, yara na tari. Wa zai yi mana magana?"

Na ce, "Yaya, na riga na nemi wani abu a nan."

"Wannan aikin kyautar? Ki zauna kina yanke wa 'ya'yan talakawa tara? Mu muna maganar wadda za ta tsaya mana."

Kada ku ɗauka Baffanku mugunta ya zo da ita. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, na shiga gidajen nan na ga bangon da ya yi baƙi da danshi. Kuma ina so. Wannan ne ban taɓa faɗa wa kowa ba sai babanku: da na ji an ce sunana ne ya fito, wani daɗi ya cika min ciki, har na fara jin kaina ina jawabi ana tafi.

Na kai wa Opa maganar ina tsammanin zai zagi siyasa, tunda ya bar ta. Bai zaga ba. Ya ce gidajen da ya yi faɗa a kansu har yanzu mutane na ciki, kuma babu alƙalin da zai iya gina ko ɗaki ɗaya. Ya ce ɗan siyasa nagari yakan zaɓi mutanensa ya tsaya musu ko da duniya za ta taru a kansa, kuma aiki ne mai daraja. Sai dai ba kowa aka yi dominsa ba.

"In mace biyu suka zo miki," ya ce, "ɗaya 'yar cocinku, ɗaya ba ki taɓa ganinta ba, gida kuma ɗaya ne, wa za ki ba?"

Na ce, "Sai na ji ta bakinsu."

"To in ta bakin baƙuwar ya fi ƙarfi fa?"

"Ita zan ba."

"Sannan ranar Lahadi ki shiga coci."

Ya ce shi ba zai zaɓar min ba, ya tsufa da wannan. Ya ce in kawo masa sandarsa, rana ta fito.

Da babanku muka yi maganar wata Lahadi bayan sujada, a cikin tasinsa, ku kuna cikin coci kuna shan lemo da sauran yara, ruwa yana ta sauka a kan gilashi. Na ce masa ya karɓi aikin, haƙƙinsa ne, ya jira shi da yawa. Amma ni ba zan tsaya takara ba, kuma ba zan koma Aston yanzu ba.

"Ai can ma akwai kotu," in ji shi. "Ki sake nema a can."

Na ce, "Baban Ladi, ka san Yaya. In na zauna layi ɗaya da shi, a'ar da zan ce yau ba za ta kai wata uku ba. Zan tsaya, watakila ma in ci, sannan in yi ta ɓata wa mutanen da suka zaɓe ni rai, ko in yi ta ɓata wa kaina. Ga Ladi kuma ta kusa jarrabawa."

Na san abin da nake roƙonsa: ya raba kansa biyu, ya kuma tsaya gaban yayansa da ya riƙe shi tun mutuwar mahaifinsu ya ce matarsa ta ƙi.

"Kin tabbata ba tsoro ba ne?" ya ce.

"Akwai tsoro. Amma ba shi ne ya yanke ba."

Ya kunna mota don ɗumi ya shigo. "To. Litinin in tafi, Juma'a in dawo. Amma ke za ki faɗa wa yaran."

Abin da ya biyo baya kun fi ni saninsa, don ku kuka biya rabinsa. Sama da shekara biyu babanku yana kan babbar hanyar nan. Yakan dawo Juma'a idanunsa jajur, Asabar ya yi barci rabin yini, Lahadi da yamma gidan ya yi tsit kamar an yi rashi. Dauda, an saka ka a ƙungiyar ƙwallon makaranta, wasanninku na tsakiyar mako ne, ni kaɗai nake tsayawa a bakin fili da lema ina ihu a inda bai kamata ba. Ladi, ke kuma kin daina yi min Hausa gaba ɗaya. Na tuna ranar da kika tsaya a ƙofar kicin da kayan makaranta kika ce, da Turancinku na Manchester, wai na fi son baƙi da ubanki. Shekararki goma sha huɗu a lokacin, ban mare ki ba. Baffanku kuwa ya ɗauke min gaisuwa. In ya bugo waya na ɗauka sai ya ce, "Ba ni Bitrus," wato babanku. Kirsimeti ta zo, aka yi taron dangi a Aston, matan suka karɓi shinkafar da na kai suka ajiye ta can ƙarshen tebur. Suka tsayar da wani mutum daban a zaɓen, bai ci ba, aka ce laifina ne.

Kuma duk wannan ana yi ne ban ma san ko za a ɗauke ni ba. Sai da aka ja ni fiye da shekara. Sau biyu aka kira ni ganawa, mutane a bayan tebur suna kawo min misalan laifuffuka suna tambayar abin da zan yi. Wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni me zan yi in aka kawo ɗan ƙawata gabana. Na ce zan faɗa in tashi in ba wani kujerar, sannan in je in zauna da uwarsa da yamma. Ya rubuta wani abu, bai ɗago ba. Na fito na tabbatar na faɗi. Da amsa ta zo cewa an ɗauke ni, babanku na Birmingham. A waya na faɗa masa, sai na ji ya ajiye wayar a tebur yana gaya wa Turawan wurin aikinsu da ƙarfi.

Ranar zamana na farko na sa atamfata shuɗiya da kwat a sama. Mu uku, ni a gefen hagu. Mutanen da aka kawo ba irin na fim ba ne. Wani ya tuƙa mota ba inshora, wata ta ɗauki nama a kanti, wani saurayi ya fasa gilashin tashar bas kuma yana ta kallon ƙofa ko uwarsa za ta shigo. Daga kotu gidan Anika na zarce, ko gida ban biya ba. Jikin Opa ya yi nisa a lokacin, a gado yake, amma ya sa an ɗaura masa taye a kan rigar barci.

"Me kika ce?" ya tambaya.

"Kusan ban ce komai ba, Opa. Tambaya ɗaya na yi duk yinin."

"Wace tambaya?"

"Na tambayi yaron wa yake jira."

Ya lumshe ido, ya ɗaga hannunsa mai lafiyar ya dafa nawa. Da sanyin shekarar ya rasu, Anika ta mayar da shi garinsu na bakin ruwa. Ban samu zuwa ba. Na yi kukana a motar bas, tsakanin gidan wata tsohuwa da na wata.

Daga baya Ubangiji ya buɗe wa babanku hanya a Salford, nan kusa da Manchester, ya dawo gida gaba ɗaya. Ke ma Ladi Hausarki ta dawo da kanta, ranar da kike neman kuɗin takalmi. Amma tsakanina da Baffanku shiru ya ci gaba, har na fidda rai.

Sai wata Asabar da rana aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na gan shi tsaye shi kaɗai, hula a hannu. Babanku ya fita da Dauda. Na ce ya shigo ya jira shi.

"Ba wurinsa na zo ba," in ji shi.

Na zuba masa tuwo da miyar kuka, ya ci rabi. Sannan ya fara. Cocinsu na Aston ya dare biyu. Matasan da aka haifa a nan suna son a mayar da sujada Turanci, dattawa sun ce in aka cire Hausa an cire su. Maganar ta wuce yare, ta zama ta wa ya raina wa. An kai inda iyaye da 'ya'ya ba sa zama benci ɗaya, wasu na shirin kama nasu zauren. Fasto ya gwada, aka ce yana da ɓangare. Shi kansa Baffanku shi ne kan gaba a ɓangaren dattawa, ɗansa na fari kuma shi ke jan matasan. An zauna neman wanda kowa zai yarda ya saurara, aka yi ta kawo sunaye ana turewa, sai da aka zo kan nawa.

"Wa ya kawo sunan nawa?" na tambaya.

Ya kalli kwanon. "Ni."

Na ce, "Yaya, ka san in na zo zan ji ta bakin yaran nan kamar yadda zan ji taka. Kuma zai yiwu in ce kai ne ba ka kyauta ba, a gaban jama'a."

"Na sani," ya ce. "Me kike tsammani ya sa na yi wata biyu ina juya maganar kafin in hau jirgin ƙasa?"

Na je. Asabar uku na yi ina zuwa Aston. Cocin bai rabu ba, shi ne wanda kuke zuwa yanzu in kun kai ziyara, ana karatu da Turanci ana waƙa da Hausa. Kuma na faɗa wa Baffanku inda bai kyauta ba, a gaban kowa, har da ɗansa. Ya saurara har na gama, kansa a ƙasa. Da aka tashi shi ya ɗauki jakata ya raka ni tasha, bai yarda wani ya karɓa ba.